Inji Mai Tari

Injuna bakwai nake da su, kuma mahaifina bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Yanar ido ta riga ta rufe masa gani kafin in kawo su Boɗinga. Duk da haka ya fi ni sanin lafiyarsu.

A tsohon ɗakin ajiyar albasa na jera su, bango ɗaya ne tsakaninsu da zauren da yake karantarwa. Ga wanda bai taɓa gani ba, injin haƙar kuɗin kirifto akwatin ƙarfe ne da mutum zai rungume da hannu biyu, fanka gaba fanka baya. Ba ya haƙar komai. Lissafi yake yi ba ji ba gani, ya sha wuta, ya amayar da zafi, a biya mai shi ta intanet. A shekarun da samarin garinmu suka duƙufa dangwalar waya suna cewa mainin suke yi, ni kallon tausayi nake musu. Na yi boko har Sakkwato, na san abin da ba su sani ba, kuma ban ɓoye wa kowa cewa na sani ba. Girman kai na ɗauka a lokacin, na sa masa suna ilimi.

Mahaifina malamin allo ne tun kafin a haife ni. Amma abin da ya fi fitar da sunansa, daga Boɗinga har ƙauyukan Shagari, shi ne shaida. In za a sayar da gona, ko a raba gado, ko a tsayar da iyaka, gabansa ake zuwa. Dokarsa ɗaya ce, abin da bai gani ba ko bai ji da kunnensa ba, ba ya shaidarsa. Da ido ya tafi, mutane ba su daina zuwa ba. Sai ya kama hannun mai saye da na mai sayarwa, kowa ya faɗi maganarsa da bakinsa, shi kuma ya saurara. Kunnen da ke tsamo kuskuren wasali ɗaya cikin muryoyi talatin, wa zai ruɗe shi?

Ranar da na fara kunna injunan ya kira ni.

"Mi suka haƙa, tunda ban ji ƙasa ba?"

Na yi masa bayani har na gaji. Da na kai inda na ce kowane inji allo uku ne a cikinsa, sai ya yi dariya.

"Allo gare su? Tau, ashe ɗalibai na. Allah shi ba su hadda."

Daga ranar ɗalibanka yake ce musu. Wajen shekara biyu suna rugugi a bayansa, bai taɓa ƙorafi ba. Wata rana da hantsi ina wucewa ya ce, "Na ukku daga ƙofa, tari shikai." Na saurara, ban ji komai ba sai ƙarar da na saba. Na buɗe kwamfuta don in nuna tsoho ya yi kuskure, sai ga shi a rubuce. Allo ɗaya na injin nan yana ɗaukewa da zarar ya yi zafi, fankar ta yi ta haƙilo, sautinta ya sarƙe. Da sanyin safiya garau yake. Rana na ɗagawa sai ciwon ya tashi, kuma kullum ƙaruwa yake.

Sana'ar ba ta mutu rana ɗaya ba. Wuta ta yi tsada, mai ya tashi, abin da injunan ke kawowa ya yi ta ƙanƙancewa, har na gane ni nake ciyar da su. Na kashe su, na nemi mai saye. Wani dillali ya zo daga Kano, mutum mai ƙaramar murya da bai yarda da kowa ba. Ya kunna su tun safe ya zauna yana cin gyaɗa har azahar. Shida ya ɗauka. Na ukun ya tura shi gefe da ƙafa, ya ce wannan sai 'yan gwangwan, ya faɗi kuɗin da ko akuya ba za su saya ba. Turawar nan da ƙafa ta tsaya mini a rai. Na ce ya bar mini abina.

Akwai wani tsohon ɗalibin mahaifina, manomin albasa a Lambara ta ƙasar Shagari. A gidanmu ya tashi, shi ya goya ni, don haka Yaya nake ce masa. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya zo gaisuwa, da albasa ko tattasai a bayan babur. Mahaifina yakan tsokane shi da wani hali nasa na yarinta, wai in ya zo kan ayar da bai haddace ba sai ya yi gyaran murya kafin ya faɗa mata. Mutumin da ya fara furfura, amma in an tuna masa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Shi ya ga injin a ɗakin albasar, ya tambaye ni. Ya ce yana da faranti na sola da yake ban ruwa da su a fadama, da damina kuwa zaune suke ba aikin fari ba na baƙi. Ya sayar da albasar da ya adana, ta yi daraja a bana. In injin zai yi aiki da rana kawai, ko kuɗin taki ya kawo, ai an rage wani abu.

Da rana. Na ji kalmar sarai. Na daɗe ina kare kaina da cewa ba ni na kira shi ba, shi ya kawo kansa. Gaskiya ne, kuma ba ta wanke komai ba. Na ce masa ya dawo ranar Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi a hanya. Har godiya ya yi mini don na tausaya masa.

A kwanakin da ke tsakani na kwance injin, na busa ƙurar cikinsa, na goge shi har yana ƙyalli. Na cire tsohuwar fankar na sa sabuwa. Allon da ke ciwo ban taɓa shi ba, don gyaransa ya fi ƙarfina, kuma na san haka. Ranar Asabar na kunna masa kamar minti ashirin, na nuna masa lambobi suna hawa a kwamfuta. Bai fahimci ko ɗaya ba, yana ta cewa masha Allah. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na sallama. Na ɗauka an gama.

"Tau, ɗan Malam, mu tai gaban Malam shi sa muna albarka," in ji shi.

Wannan ban shirya masa ba. Da na ce a'a, da me zan kafa hujja? Muka durƙusa a zaure. Mahaifina ya lalubo hannuna, ya lalubo nasa, ya haɗa su a tafinsa kamar yadda ya saba.

"Wane na cikinsu?"

"Wanda ya rage, Baba."

"Mai tarin?"

"An gyara shi."

"Kunna shi in jiya."

Na tashi na kunna. Injin ya riga ya huce, sabuwar fanka ta ɗauka sumul. Mahaifina ya karkata kai wajen bango, ya buɗe baki kaɗan, yadda yake yi in ɗalibi na biya masa hadda. Ya daɗe yana saurare. Ni kuwa idona na kan hasken da ke shigowa ta ƙofa, ina lissafin minti nawa suka rage kafin zafi ya tona ni. Ban taɓa roƙon Allah a kan abin kunya irin na ranar ba.

"Ban ji tari ba," ya ce. Na yi maza na kashe. Ya sake haɗa hannayenmu. "Na shaida wanga ciniki, babu aibi ɓoye. Allah shi sa albarka."

Bai yi sakaci ba. Ya tambaya, ya nemi ya ji da kansa, ya ji. Ido ya riga ya tafi, kunne kaɗai ya rage masa, kuma kunnen na zauna na yi wa dabara da sukudireba. Ban saka fankar don shi ba, amma shi ta kama.

Yaya ya ɗaure injin a bayan babur da igiyar roba, ya lulluɓe shi da bargo don kada ƙura ta taɓa shi. Na bi shi Lambara na haɗa masa wayoyi, na saita komai, na gudo kafin azahar da sunan ina da uzuri.

Sai na zauna jiran waya. Na tanadi amsoshi iri-iri, zafin ɗakinsa ne, wutarsa ce ba ta tsaya ba, kayan lantarki ba su da tabbas. Har na fara jin haushinsa tun bai kira ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, bai kira ba. Duk Juma'a yana zuwa, ya gaishe ni da fara'a, ya ajiye abin da ya kawo. Da ya zage ni da na sami sauƙi.

Wata Juma'a ina zaune a zauren, mahaifina ya tambaye shi.

"Ina labarin ɗalibinka? Shina karatu?"

Yaya ya yi gyaran murya.

"Lahiya lau shike, Allah shi gafarta Malam."

Na san gyaran muryar nan. Mahaifina ya ci gaba da jan carbinsa, ya tambayi labarin ruwa a Shagari, ya tambayi iyali, ya yi masa addu'a. Da babur ya tashi na zauna ina jiran hukunci. Na so ya kira sunana da muryar nan da yake kiran mai laifi. Sai kawai ya ce in miƙo masa buta.

Washegari na ɗauki kuɗin na nufi Lambara. Na sami Yaya yana cirar ciyawa a gonar gero, ya kai ni gida. Injin na kan wani benci a ɗakinsa, lulluɓe da bargon nan, an ɗora masa kwanon goro. Ya ce kwana tara injin ya yi yana aiki. Kullum rana na take tsaka sai ya sarƙe, ran na goma aka ji ƙauri, shi ke nan.

"Yaya, me ya hana ka faɗa mini?"

"In hwaɗi mi? Malam ya shaida babu aibi. In nic ce akwai, wa niƙ ƙaryata?"

Na gaya masa komai, fankar, da sassafen Asabar, da dillalin Kano. Ban rage ba. Ya saurara yana kakkaɓe ƙasa daga ƙafarsa, bai ko ɗaga murya ba.

"Na sani tun rana ta biyu," ya ce. "Kai niy yi ma goyo, ɗan Malam. Na san ka."

Da ƙyar ya karɓi kuɗin, sai da na rantse ba zan koma da su ba. Taki kam ya riga ya wuce shi a daminar, geron da na gani a gonar ya nuna haka. Da na ce zan ɗauki injin, sai ya dafe bargon.

"A'a. Duk wanda yag gane ka da shi bisa hanya ya san an maido ciniki, kuma ya san gaban wa anka ƙulla shi. Bar shi nan."

Har yau yana can. Na dawo gida ina jin na sauke rabin kaya, har ina gaya wa kaina ai an mayar da haƙƙi, magana ta mutu. Na yi niyyar in durƙusa gaban mahaifina in faɗa masa. Na yi niyyar da safe, na ɗaga zuwa la'asar, na ɗaga zuwa gobe. Wanda ya iya kallon idon dillali ya yi ciniki, ya kasa kallon idon da ba ya gani.

Bayan kamar mako biyu wasu 'yan'uwa biyu suka zo daga wajen Horo Birni, ɗaya zai sayar wa ɗaya da gefen fadamarsa. Suka gaisa, suka faɗi abin da ya kawo su, suka miƙo hannu. Mahaifina bai miƙa nasa ba.

"Ku tai ga liman, shi shaida muku."

Suka dubi juna. Babban ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ubanmu ma nan yaz zaka. Ko mun yi wani laihi?"

"Ba ku yi komi ba. Kunnena ya tsuhwa. Na bar shaida."

Suka yi ta roƙo, bai canza ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, kalma biyar ta isa in gyara maganar, in ce Baba kunnenka bai tsufa ba. Na bar su suka tashi, suka sa takalma, suka tafi. Daga ranar bai ƙara haɗa hannun kowa ba, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa. A gari aka yi ta cewa tsufa ya kama Malam, Allah sarki. Har ni aka riƙa yi wa jaje, ina amsawa.

A yammacin ranar da mutanen Horo Birni suka tafi, ɗalibai suka taru suna karatu, muryoyi sun cika gidan. Ina can cikin tsohon ɗakin injuna ina share shi, don za a mayar da albasa. Ta bangon na ji ya ɗaga murya, yana yi wa wani da ke zaune can ƙarshen tsakar gida magana.

"Kai, na bakin rijiya! Koma baya. Ka haɗiye madda."