Na'urar hoton da na ɗaure a gamanar mahaifiyata

Shekarun baya, ana gab da faɗuwar damina, mahaifiyata ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Muka kai ta likita a Maraɗi, lokotoro ya ce za ta daɗe ana gasa mata ƙafa, sai ta zauna gidan yayata can. Tun tana amarya take noma gamanarta, wato 'yar gonar kanta da ke kan hanyar Mai Yara, damina ba ta taɓa wuce ta ba. Yayata ta kira ni ta ce tsohuwa ba ta cin abinci, da an yi hadari sai ta juya fuska bango.

Nan tunanin ya zo mini: in aje na'ura a gonar tana ɗaukar hoto kaɗan-kaɗan daga shuka har girbi, in haɗa su ta ga hatsinta yana tashi. Ni da ko hoton katin ɗan ƙasa ban iya tsayawa daidai ba.

Na fara zuwa wurin abokina mai ɗaukar hoton biki. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya jawo babbar na'urarsa ya rungume. Ya ce ko zai ba ni, batirinta ba ya wuni, kuma ruwan farko zai kashe ta. Sai na koma kan wata tsohuwar salula. Na gwada ta a kan rufin ɗakina cikin leda. Kafin la'asar bayanta ya kumbura kamar fanke, ta mutu.

Ga hadari yana ta haɗuwa daga gabas, maƙwabta sun fara gyaran iri, ni kuwa ba ni da komai a hannu. Abokina ne ya tuna da wata irin na'ura da ake ɗaurewa a itace don ɗaukar namun daji, mai akwatin roba, mai aiki da ƙananan batura. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya samo mini iri biyu in zaɓa. Ɗaya hotonta tas, amma tana shan batir. Ɗayar hotonta dishi-dishi, sai dai an ce tana jure watanni. Na yi ta juya su har ɗan kasuwar ya fara duba agogo.

"Idon Inna fa ba na yara ba ne," in ji abokina. "Ɗauki wadda za ta kai girbi."

Na ɗauki mai dishi-dishin, zuciyata na wurin ɗayar.

Muka ɗaure ta a jikin wata aduwa a bakin gonar. Sai da na bi maƙwabta da makiyayan da ke ratsawa ta burtali na yi musu bayani, kada wani ya zaci dabbobinsa nake gadi. Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Abokina ya gargaɗe ni kada in riƙa buɗe ta, ƙasa da laima za su shiga, kuma in ta goce hotunan ba za su haɗu ba. Don haka sai in je in tsaya gabanta, in kasa kunne ko zan ji motsi. Ba ta ƙara, ba ta haske. Duk iskar da ta taso sai in ga kamar ta tsinke igiyar. Ta wancan gefen kuma yayata na cewa jikin yau da sauƙi, gobe ya tashi. Abin da na fi tsoro, wanda ban faɗa wa kowa ba, shi ne na'urar ta kai girbi, mai gonar ba ta kai ba.

Da aka yanke hatsi na kwance na'urar. A shagon abokina muka buɗe. Ta yi aiki. Sai dai tun tsakiyar damina wani tsuntsu ya yi kashi a gilashin, kusurwa guda ta toshe.

Muka haɗa hotunan a wayata, na kai Maraɗi na kunna mata. Mahaifiyata ta kalli ƙasa tana yin kore, hatsi yana miƙewa, yana fidda kai, duka cikin ɗan lokaci. Ta yi alama a sake. A karo na biyu ta ɗora yatsa a kan allon.

"Nan," ta ce, harshenta na nauyi. "Kun yi jinkirin maimai. Dubi ciyawa."

Yayata ta fita waje tana share ido. Ni kuwa na sha faɗa, sannan tsohuwa ta ce a kawo mata fura.

Ta ƙara damina uku a duniya, tana zama kan tabarma a bakin gonar tana ba da umarni. Har yau ina da hotunan. Ba su da sauti, kuma babu fuskar kowa a ciki, amma duk lokacin da na kunna, in an zo wurin ciyawar nan, sai na tsinci kaina ina gyara zama.