Algaitar da Na Tsoma a Kanal

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru na haura sittin, ina noman shinkafa a wajen Kura. Gwiwoyina sun soma yi mini gardama, amma bakina bai tsufa ba. Boko aji biyu na yi aka kore ni saboda tsokana. Ina saurayi na taɓa bin wani mabushi wata uku, tun daga nan nake cika baki wai na iya algaita.

Da shinkafa ta fitar da kai, maƙwabta suka ɗaɗɗaura igiyoyi da gwangwanaye don korar jan-baki, tsuntsayen nan masu sauka dubbai. Ni kuwa na ce ba zan yini jan igiya ba, daga inuwa zan busa su watse. Ranar kasuwar Bunkure na sayi tsohuwar algaita wurin mai gwanjo. Na tambaye shi wanda ya sassaƙa ta, ya ce sunan ya ɓace masa. Jar fatar da aka naɗe ta da ita sabuwa ce fil, ita ta ruɗe ni. Maƙwabcin gonata, mutumin Filato mai busa ƙaho a cocinsu, ya jujjuya ta ya ce, "Baba, me sabuwar fata take ɓoyewa a jikin tsohon itace?" Na ce masa hassada ce.

Na busa, iska ta zurare, ko kukan ɗan tsako babu. Na tuna maigidana mabushi yakan jiƙa ɗan karan bakin kafin ya fara, sai na ce bari in yi mai gaba ɗaya, na tsoma ta duka a kanal ɗin ban-ruwa daga hantsi har azahar. Da na ɗago, fata ta saluɓe, itace ya rabu uku a hannuna. Ashe fasasshiya ce aka liƙe da ƙaro.

Washegari jan-baki suka sauka, ga shi ba igiya ba gwangwani, kuma gonar nan ita ce abincin gidana na shekara. Na tuɓe riga ina kaɗawa, ina ɗingishi daga kunya zuwa kunya, ina ihu har murya ta dushe. Na kore su gabas su sauka yamma. Na faɗi cikin laka, na roƙi Allah, har tsuntsayen sai da na roƙa. Rana ta uku mutumin Filaton ya kwance rabin igiyarsa ya ɗaura mini, ya koma gonarsa. Alherin nan ya fi mini zagi ciwo. Da ƙyar na tsira da rabin shinkafar.

Yanzu na gane ba mai gwanjo ne ya cuce ni ba, lalaci da cika baki ne. Jama'a, duk tsohon abin da ba a san maƙerinsa ba, a gwada shi nan take gaban wanda ya iya. Gutsuren algaitar yana nan, mai ɗakina na tokare ƙofar akurki da shi.