Tsamiyar Maiwada Ta Shiga Cikin Katanga

Daga ƙofar zauren Malam Maiwada Gana zuwa bakin kwalta taku sittin da biyu ne. A taku na ashirin da bakwai akwai wata tsamiya, wadda tun kafin kakansa ya zo daga Barno da jakuna ɗauke da kanwa take tsaye a nan bayan garin Gaya. Kakan ya ga ƙasar ta karɓi gero, ya kwance kaya bai sake ɗaurawa ba. Maiwada ya tashi manomi kamar ubansa, yanzu shekarunsa saba'in da ɗaya, shi da matarsa Batula kaɗai suka rage a gidan.

A gindin tsamiyar nan magidanta bakwai suka yi shekara arba'in suna ciyayya. Da an idar da magariba kowa zai fito da akushin gidansa, a jera a kan tabarma, a buɗe ɗaya a cinye, sannan a jawo na gaba. Ba a tambayar na gidan wa aka buɗe. In shekara ta yi wa wani tsanani, ya zo da ɗan abin da ya samu, ya tashi a ƙoshe, ba wanda ya ji. Doka biyu ce kawai. Ɗan ciyayya ba ya zuwa hannu sake, sannan duk wanda ya gifta a kan hanya sai an ce masa bismillah. Wannan kiran aikin Maiwada ne, don shi Allah ya ba murya. Mai keke, mai jaki, ɗan kasuwar da dare ya kusa riska, in ya ɗaga murya sai sun waiwayo.

Abokinsa na kusa a cikin bakwai ɗin shi ne Gwadabe, Bafillacen gida, siriri, mai son tsokana. Da yake Barebari da Fulani abokan wasa ne, ba su taɓa gaisawa da mutunci ba.

"Babarbare, yau ma kanwa Batula ta dafa mana?"

"Ci ka yi shiru, Bafillace. Ina ka san tuwo kafin ka haɗu da ni?"

Bayan an gyara titi, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kano suka fara sayen filaye a wannan gefen. Gonakin da ake nome gyaɗa suka koma gidaje masu jan kwano da dogayen ƙofofin ƙarfe. Maƙwabta suka dinga sayarwa ɗaya bayan ɗaya, akussa suka ragu daga bakwai zuwa huɗu, daga huɗu zuwa biyu. Daga ƙarshe Gwadabe ma ya sayar, ya koma wajen ɗansa a wani ƙauye kan hanyar Kademi, tafiyar awa guda a keke.

Wanda ya sayi gidaje biyar da ke kewaye da na Maiwada wani matashi ne daga Kano, Alhaji Muhammad Auwal. Da aka zo awo sai takarda ta nuna filin tsamiyar na cikin rabon gidan da ke dama ne, ba na Maiwada ba. Ba wanda ya taɓa tambayar wannan a da. Alhaji ya rushe gidajen, ya shuka ciyawa, ya kafa lilo don yara, ya jera kujerun roba, ya sa babbar talabijin ta kallon ƙwallo, ya kawo masu gasa kifi da kaza. Sannan ya zagaye wurin da katanga mai tsawon ƙafa tara, ya sa masa suna Lambun Hutu. Gidan Maiwada ya zamana a can ƙurya, katanga ta gefe uku, ƙofar zaurensa tana buɗewa cikin lambun.

Alhaji ba mugu ba ne. Ya zo har zaure ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, kada ku damu. Ƙofar nan taku ce. Na gaya wa Abdulmuttalib mai gadi, ko yaushe kuka zo ya buɗe muku."

Da baki aka faɗa, ba a rubuta ba. Daga Litinin zuwa Alhamis lambun a rufe yake, sai Maiwada ya ƙwanƙwasa ɗakin mai gadi kafin ya tafi masallaci, ya sake ƙwanƙwasawa kafin ya shiga gidansa. Ranar Asabar da Lahadi kuwa aka roƙe shi kada awaki su ratsa ciyawa, kada a fitar da taki a gaban baƙi. Ya sayar da awakin. Sayar da gidan ma ya zo masa a rai, amma gado ne tsakaninsa da yayarsa Aisa da ke aure a Gashuwa, ita kuwa ta rantse ba za ta sa hannu a sayar da ɗakin da uwarsu ta cika a ciki ba. Ko ta yarda ma, wa zai sayi gidan da ba shi da hanya?

Abu ɗaya ya rage masa. Kowace Asabar, da yake ranar ƙofa a buɗe take wuni, Gwadabe yakan ɗaure akushinsa a bayan keke ya zo kafin magariba. Ƙarfinsa bai wuce zuwa ɗaya a mako ba. Sai su shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, su ci, a gefensu mutanen Kano suna cin kifi da cokali mai yatsu. Duk sauran kwana shidan Maiwada jiran wannan zaman yake yi.

Baƙin suka fara ɗaukarsu hoto da waya. Wata rana Alhaji ya zo da fara'a, ya nuna wa Maiwada hotonsa shi da Gwadabe, hannu cikin akushi.

"Baba, kun ga mutum nawa suka kalli wannan? Mutanen birni sun yi kewar irin wannan zaman. Me zai hana mu dawo da ciyayya duk Asabar? Tabarmi, akussa, tuwon dawa da miyar kuka. Ni zan kawo kayan, Baba Batula ta dafa, ku kuma ku zauna a matsayin uban taro."

Maiwada ya shiga gida yana sauri kamar ba shi ke ciwon gwiwa ba.

"Batula, ciyayya za ta dawo! Mutum talatin, in ji shi."

Batula tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Su ma za su zo da akussansu, Malam?"

"Baƙi ne. Baƙo ai ba a tambayarsa akushi."

"To, Allah ya sa abin da kake nufi shi yake nufi."

Ranar Asabar tun la'asar motoci suka cika bakin titi. Aka shimfiɗa sababbin tabarmi goma sha biyu. Maiwada ya sa babbar rigarsa ta Idi. Ya lura kowane baƙo da wata 'yar takarda shuɗiya ɗaure a wuyan hannunsa, ya ɗauka ado ne na zamani. Aka yi magariba a kan ciyawa, aka jero akussa, ƙamshin daddawa da man shanu ya tashi. Wata mata mai tabarau ta tambaye shi ko da gaske ne da hannu ake ci. Ya nuna mata yadda ake yankar loma daga gabanka ba ka tsallaka gaban wani ba. Aka yi dariya, aka tafa. Amma idonsa na kan ƙofa, don Gwadabe bai iso ba.

An buɗe akushi na biyu ke nan ya hango shi ta tsakanin sandunan ƙofa, yana tura keke, taya ta yi faci, gumi ya jiƙe masa riga. A bayansa wasu mutum biyar ne masu dawowa daga yankan dawa, da lauje a kafaɗa. Maiwada bai yi wani tunani ba. Shekara arba'in bakinsa ya saba. Ya miƙe, ya ɗaga murya yadda har masu gasa kifi suka waiwayo.

"Bafillace, ka makara! Bayin Allah, bismillah! Ku matso, ga tuwo!"

Masu yankan dawa suka dubi juna. Sun san muryar, biyu daga cikinsu tun suna samari suke cin tuwo a gindin tsamiyar nan. Suka nufo ƙofa suna cewa an gode, Baba. Abdulmuttalib ya tare ƙofar da jikinsa.

"Ina takardunku?"

"Wace takarda? Baba ne ya kira mu."

"Baba ba shi ke sayar da tikiti ba."

Maiwada ya taka zuwa ƙofa, taku talatin da biyar, baƙi na binsa da ido, wasu da waya. Alhaji ya riga shi isa. Ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Baba, abincin nan na mutum talatin ne, kowa ya sayi wurinsa tun daga Kano. In muka buɗe wa duk mai wucewa, gobe garin nan ne zai taru."

"Ai ciyayya ka ce, Alhaji."

"Sunan ke nan, Baba."

Masu yankan dawa ba su jira ƙarshen maganar ba. Babbansu ya ce, "Ba komai, Baba, mun ƙoshi," suka juya. Maiwada ya san ba su ƙoshi ba. Tunda yake bai taɓa kiran mutum abinci ya koma da yunwa ba.

Alhaji ya dubi Gwadabe. "Shi Baba Gwadabe ya shigo, baƙona ne. Abdulmuttalib, ɗaura masa takarda. Sai dai akushin a bar shi a nan ɗakin gadi. Daga yau ba a shigo da abincin waje, in wani ya ci cikinsa ya ɓaci ni za a kama."

Gwadabe ya ɗora hannu a kan akushin da ke ɗaure da tsumma a bayan keke.

"Yaro, dambun nan tun azahar matar ɗana take fama da shi. Awa biyu ina tura keken nan don kada in zo hannu sake. In bar shi wajen mai gadi, in shiga in ci na wasu? Ni ba bara na zo ba."

"Baba, kyauta ce fa."

"Ita nake gudu." Ya juya wajen abokinsa, ya yi ƙoƙarin yin dariya. "Babarbare, ɗauko naka mu zauna a bakin kwalbati. Can ba mai tambayarmu takarda."

Maiwada ya juya zai koma ɗauko akushi. Alhaji ya riƙe masa hannun riga, a hankali, da ladabi.

"Baba, mutanen nan don ku suka zo. In kuka tashi yanzu kun kunyata ni a gabansu. Ni ban taɓa kunyata ku ba. Ƙofar nan kullum ana buɗe muku, ko ba haka ba? Mu ci gaba da lallaɓa juna."

Bai ce zai rufe ba. Maiwada ya dubi ƙofar, ya dubi kwaɗon da ke rataye a jikinta, ya tuna asubar gobe, ya tuna Batula da ranar asibitinta ta Laraba, ya tuna buhunan dawarsa da ke gona ba a kawo ba tukuna, kuma ba su da wata hanyar shiga rumbu sai nan. Ya tsaya tsakanin sanduna da tabarmi. Gwadabe yana kallonsa, ya gane kafin ya buɗe baki.

"Koma, Malam Maiwada," ya ce. Rabon da ya kira shi da sunansa tun ranar jana'izar uwar Maiwada. "Tuwonka zai huce."

Ya juya keken. Maiwada ya ji ƙarar tayar da ba iska tana bugun kwalta har ta yi nisa. Ya koma ya zauna a wurinsa. Mata mai tabarau ta roƙe shi ya sake yankar loma a hankali, don ɗazu hoton bai fito ba. Ya yanka. Ya kai baki, ya haɗiye, bai ji gishiri ba.

Da ya shiga gida Batula na wanke tukwane. Ta ji komai ta saman katanga.

"Ka ci?"

"An ci."

Ta ci gaba da wanke tukwanenta.

Ranar Talata Maiwada ya hau adaidaita sahu har ƙauyen Gwadabe. Ya ce su mai da zamansu wata rana, ko a can ne. Gwadabe ya ce gidan ɗansa kowa a ɗaki yake cin abinci gaban talabijin, kuma shi ba zai sake tsayawa a ƙofar lambu ana duba masa akushi ba. Ya ce Maiwada ya dinga zuwa ranar Asabar, ranar da ɗan ba ya gida, su zauna a ƙofa. Maiwada ya ce Asabar ba tasa ba ce yanzu. Kafin la'asar ya tashi, don ya riski mai gadi bai tafi cin abinci da makulli ba.

Ciyayyar Lambun Hutu ta karɓu. Yanzu mutum hamsin ake ɗauka, har daga Dutse ana zuwa, an ma buga hoton Maiwada a babban allo a bakin titi, yana murmushi da loma a hannu. Duk Asabar yakan sa rigar Idi ya zauna a taku na ashirin da bakwai, inda ubansa ya zauna.

Wani lokaci, in Gwadabe ya shigo gari sayen magani, yakan biyo ta titin gab da magariba. Ba akushi a bayan keken. Ba ya tsayawa, sai dai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu daidai ƙofa. Maiwada yakan ɗago kai, bakinsa ya buɗe da kansa. Abdulmuttalib ya waiwayo ya dube shi. Sai Maiwada ya ce bismillah a hankali, yadda na kusa da shi kaɗai ke ji, baƙi su ɗauka da su yake, su sa hannu.