Uban Da Ya Ƙi Sanin Kabarin Ɗansa

Ko zan manta da komai na zaman da na yi a Jidda, ba zan manta da ranar da muka kai maƙwabcina makwancinsa ba, mahaifinsa yana zaune a falo ya ƙi tashi ya bi mu. An daɗe da yin abin, har furfura ta fito mini, amma duk sanda na ga dattijo a sahun gaba na jana'iza sai wannan tsohon ya faɗo mini a rai.

A lokacin ina aikin ba da magani a wani asibitin kuɗi, ina zaune a unguwar Waziriyya da iyalina. Maƙwabcin nawa Bayarabe ne daga wajen Ibadan, injiniya a wani kamfanin gine-gine. Ƙofarsa na kallon tawa a bene ɗaya. Hausa a bakinsa kamar tawa, domin a Zariya aka haife shi, inda mahaifinsa ya yi aikin jirgin ƙasa. Matanmu kullum cikin musayar kwano suke, su aiko mana amala da miya mai yajin da ke sa ni hawaye, mu aika musu tuwo da miyar kuka. Ina ganin na san Yarabawa ciki da waje. Ashe abincinsu da gaisuwarsu kawai na sani.

Babban burinsa shi ne ya kawo mahaifinsa Umra, Allah kuwa ya cika masa. Ni na raka shi filin jirgi. Tsohon na fitowa, siriri da shi, cikin babbar riga da hula a karkace, sai na ga injiniyan nan da ake ji da shi a kamfani ya zube rub da ciki a tsakiyar jama'a, ƙirjinsa a kan tayil. Larabawa suka tsaya suna kallo. Tsohon ya dafa kansa yana sa masa albarka da yarensu, sannan ya dube ni ya ce, "Kai ne Bahaushen da ke ba shi tuwo? To ka zama ɗana." Daga ranar Baba nake ce masa.

Sun yi Umra lafiya, sun ziyarci Madina, ana ta shirin komawar Baba gida. Wata safiya ina wurin aiki, wani abokin aikin maƙwabcina ya kira ni, ya ce maƙwabcin nawa ya yanke jiki ya faɗi a wurin gini, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Zuciya ce. Mutumin da muka yi sallar asuba kafaɗa da kafaɗa.

Na kamo hanyar gida da niyyar in faɗa wa Baba yadda muka saba, in ce ya yi haƙuri, Allah ya yi ikonsa. A ƙofar bene na tarar da wasu Yarabawa, abokan marigayin, suka tare ni. Babban cikinsu ya ce, "Don Allah kada ka faɗa masa da bakinka. Ba haka muke yi ba." Suka sa aka janye matar marigayin zuwa ɗakina, inda matata ta rungume ta. Suka shiga wurin tsohon, suka tabbatar ya ci abinci, sannan suka zauna a ƙasa suka kewaye shi, babu mai magana. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ina ɗana?" Babu wanda ya amsa. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi salati a hankali, ya juya fuskarsa ga bango.

Washegari kamfani da kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardar zama, suka kammala takardu, aka ce za a sallaci marigayin bayan La'asar. Wanda ya tsaya mana a kan hidimar wani dattijo ne haifaffen Jidda, ɗan unguwar Mahjar, wanda kakanninsa suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna. Ammu muke ce masa, wato baffa da Larabci. Duk ɗan Najeriyar da ya rasu a yankin, shi ke shige da fice har a rufe shi, don Allah kawai. Da lokaci ya yi, ya shigo falo ya ce, "Yalla ya Hajji, mota na jira. Ka zo ka ga fuskar ɗanka, ka yafe masa, ka tsaya a gaba."

Baba bai juyo ba. Ya ce, "Ku je. Allah ya ba ku lada."

Ammu ya ɗauka bai ji ba ne, ya maimaita. Aka ba shi amsa iri ɗaya. Sai ransa ya ɓaci. Ya dube mu ya ce, "La hawla! Wane irin uba ne wannan? Mutum ya kawo ka Ɗakin Allah, ya mutu, ka kasa taka masa zuwa maƙabarta? Wallahi aib ne, ya jama'a." 'Yan'uwanmu Hausawa da ke bakin ƙofa suka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce ko dai akwai ɓacin rai tsakaninsu. Wani ya ce ai mutanen nan sai a hankali. Ni kaina na rasa yadda zan fassara abin, domin a garinmu uba ne ke karɓar ɗansa a cikin kabari, ana kuma yaba masa da tawakkali.

Aka ce tunda Baba maganata yake ji, in lallashe shi. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, mutane na jira. Ko sallar kawai ka yi, in dawo da kai da kaina."

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa a bushe suke. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausarsa ta Zariya, duk da haka kowa a falon ya ji.

"Ɗana, a wurinmu uba ba ya ganin gawar ɗansa, ba ya sanin kabarinsa. Tun ranar da aka haifa maka yaro, addu'ar da kowa zai yi maka ke nan, kada Allah ya nuna maka inda aka binne shi. Uwata ta yi mini ita, na yi wa wannan yaron ita a kan nasa 'ya'yan. Na san ba addini ne ya hana ni ba, na yi karatu. Wasunmu ma sun daina. Amma ni ƙafata ba za ta iya ba." Sannan ya ce, "Shi ya kamata ya binne ni. Ya tara jama'a, a yi anko, a dafa abinci, a ce tsoho ya tafi gida ya bar baya. Yau an juya abin. In na bi ku, na yarda ke nan da idona cewa haka ya dace."

Ya kama hannuna ya damƙe. "Na yafe masa duniya da lahira, bai taɓa saɓa mini ba. Ka je ka faɗa masa. Kai za ka shiga ramin a madadina."

Ammu ya sunkuyar da kai, ya matso ya sumbaci goshin tsohon ya ce, "Samihni ya Hajji, ka yafe ni, ban sani ba." Ya fita yana share ido da gefen mayafin kansa.

Ni na shiga kabarin. Ana zafi mai ɗanko irin na bakin teku, gumi na shiga mini ido. Da na kwantar da shi a gefensa na dama, na sunkuya na ce, "Babanka ya ce ya yafe maka." Ban san ko ya halatta in yi magana a wurin ba, amma saƙo aka ba ni, na isar.

Da muka dawo, Baba yana kan sallaya da carbi. Ya tambaye ni ko an samu jama'a, na ce sahu ya cika, Yarabawa da Hausawa da Larabawa, har da Inyamurai abokan aikinsa da ba musulmi ba, waɗanda suka tsaya a waje cikin rana har aka gama. Ya gyaɗa kai. Bai tambayi sunan maƙabartar ba, ba wanda ya faɗa masa.

Ranar da zai koma, ni na ɗauke shi a mota. Muna fita daga unguwa ya ce, "Hanyar nan tana bi ta wurin?" Na ce a'a, na zaɓi wata. Ya ce to. Amma duk da haka na lura, duk sanda muka zo kusa da wata doguwar katanga, ko ta makaranta ce ko ta ma'ajiyar kaya, sai ya runtse ido ya sunkuyar da kai har mu wuce. Jidda kuwa gari ne mai yawan katangu. Kusan duk tafiyar idonsa a rufe ya yi ta, hawaye na bin kuncinsa, karon farko da na ga ya yi kuka. Ban sake ganinsa ba. Ba a daɗe ba aka aiko mana cewa shi ma ya rasu.

Abin da na koya shi ne, zama ƙasa ɗaya, ko bene ɗaya, ko sahu ɗaya, bai sa ka san yadda ɗan'uwanka ke ɗaukar baƙin cikinsa ba. Mu ƙaunarmu ke sa mu shiga kabari, shi kuwa tasa ce ta hana shi zuwa. Tun daga ranar, in na ga wata ƙabila ta yi abin da ya saɓa da namu, nakan kame bakina in tambaya tukuna, domin da wuya ka samu al'adar da babu wani ciwo ko wata ƙauna a ƙarƙashinta.