Gwaggo Mai Duba Damtse

Jiya jikata ta ce sai wani satin za ta kai ɗanta rigakafi, wai rana ta yi zafi. Nan take na tuna Gwaggo, yayar babana.

Matar nan ba ta amsa gaisuwa sai ta yaye rigar jariri ta duba damtse. Haushi take ba ni! Na je wankan gida a ƙauyenmu, na zarce, ban dawo unguwarmu Badarawa ba sai da ɗana ya kai wata tara.

Washegari sai ga ta a gidana. Na durƙusa. "Gwaggo, ina kwana?"

Ta duba damtsen yaron. "Ina lambar rigakafinsa?"

"Inna ta ce sai ya yi ƙwari."

"Ƙyandar ma jira za ta yi ya yi ƙwarin?"

Ta karɓe shi, ta goya da zaninta mai warin daddawa, ta nufi asibiti. Na bi ta ina ƙunƙuni, tuwona na ƙonewa a murhu. Sati uku ina gaba da ita.

Da bazara ƙyanda ta shigo layinmu. Gida biyu muka je gaisuwar rasuwa, ɗana kuwa ba ta taɓa shi ba. Har Gwaggo ta bar duniya ban ce na gode ba.

Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Ke kuma jikata, ɗauko mayafinki mu tafi.