Kujerar Mai Dariya

Asalinsa mai faci ne. Rumfarsa tana bakin titi, da injin iska mai tari, da bahon ruwan da yake tsoma roba yana neman inda ta huje. Amma abin da Allah ya ba shi ba faci ba ne, dariya ce. Tana tasowa daga cikin ciki, ta hau, ta fashe, ta ƙare da ɗan tari biyu. Ko mai jin haushi ne ya ji ta, sai ya murmusa.

Ranar da tayar motar Ciyaman ta yi faci a gaban rumfar, Ciyaman ya fito yana cika baki, wai abokin hamayyarsa ko ɗaura igiyar takalmi shi ya koya masa. Mai faci ya tuntsure da dariya. Ciyaman ya juyo, fuska ta washe kamar yaron da aka ba alewa.

"Kai, rufe rumfar nan. Shiga mota."

Daga ranar ya zama Mai Dariya. Aka ba shi kujera a ofis, dama da teburin Ciyaman, ƙarƙashin fanka. Kada ka raina aikin nan, yana da ƙa'ida. Ciyaman mutum ne da ba ya buɗe baki sai da "ni ne". Ni ne na kawo wuta, ni ne na hana ambaliya, ni ne manya ke bugo wa waya su nemi shawara. Wani "ni ne" ɗin wasa ne, ana dariya. Wani da gaske yake, ana gyaɗa kai a ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Mai Dariya ya gane bambancin: in wasa ne, Ciyaman yakan shafa agogonsa. Da wannan ya yi shekaru yana ciyar da gida.

Sai ga Siriri, ƙanen matar direban Ciyaman, wani mai dogon wuya da ba a san aikinsa ba. Shi in ya yi dariya har zamewa yake daga benci, yana dukan ƙasa, yana share hawaye, yana cewa, "Ranka ya daɗe, za ka kashe ni." Ciyaman ya fara juyawa hagu, wajen Siriri, in zai yi magana.

Wallahi abin ya ci wa Mai Dariya rai. Kishi ne tsagwaronsa, bai ma ɓoye wa kansa ba. Yana kallon wuyan nan yana jin kamar ya murɗe shi. Da aka miƙa wa Siriri tsohuwar hular Ciyaman, Mai Dariya ko abinci bai iya ci ba.

"Baban yara," in ji matarsa tana kwashe kwanon, "kishi a kan dariya? Mu a gidan nan rabon da mu ji taka har mun manta."

"Ke ba ki san aiki ba. Dariyar yaron nan ba ta da tushe. Ihu ne kawai."

Ya ƙudura a ransa cewa zai riga Siriri, ko ta halin ƙaƙa.

Ranar buɗe famfon unguwa, jama'a sun cika, an ba Ciyaman abin magana. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ni ne mutumin da, in na mutu, garin nan ba zai ƙara samun kamata ba." Hannunsa ya nufi agogo. Mai Dariya ya hango Siriri yana jan numfashi, sai ya saki tasa gaba ɗaya, har da tarin ƙarshe.

Ashe lokaci Ciyaman zai duba.

Dariyar ta tsaya ita kaɗai a fili. Can baya wata mata ta kama, sai wani, sai rabin taron. Siriri kuwa kansa a sunkuye, yana share ido, wai maganar mutuwar ta taɓa shi. Ciyaman ya turo baki, ya ajiye almakashin yanka ƙyalle, ya shige mota ya kulle. Aka yi ta lallashi ta taga, ya ƙi fitowa. Famfon bai buɗu ba ranar.

Washegari Mai Dariya ya tarar da Siriri a ƙarƙashin fanka. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce ya zauna.

Yanzu ya koma rumfarsa. Injin iska yana nan da tarinsa, faci kuma bai manta ba. Masu mota sukan ce, "Malam, ɗan yi mana irin ta da mana." Sai ya ce taya ta yi, a sallame shi.

Rannan motar Ciyaman ta tsaya a cunkoso daidai rumfar, gilashi a sauke. Ya ji "ni ne", sannan ya ji dariya ta taso daga ciki, ta hau, ta fashe. Muryar Siriri ce, amma ba ihunsa na da ba ne. Mai Dariya ya tsaya da roba a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarsa, yana jira. Sai ga ɗan tarin nan biyu a ƙarshe.

"Har da tarin," ya ce a hankali. "Ko tarin bai bar mini ba."