Yarinyar da Ban Ƙirga Ba

Ranar da na kama aiki a Dubai, cikin 2017, takardu sun kai goma aka tara mini in cike. Asibiti ne mai zaman kansa, ni kuma nas ce. A cikin takardun akwai ta gida, domin asibitin yana da wani bene a unguwar Karama da yake ba ma'aikata masu iyali haya a kan rabin kuɗi. Duk wanda ya taɓa neman wurin sa haƙarƙari a garin nan ya san wannan ba ƙaramar alfarma ba ce. Ƙa'idarsu a rubuce take: mutum huɗu zuwa ƙasa, ɗaki ɗaya da falo, mutum biyar zuwa sama, ɗaki biyu da falo. Kai suke ƙirgawa, kamar masu lodin awaki a tasha.

A wajen da aka tambayi yawan 'ya'ya na rubuta biyu, na jera sunayen 'ya'yana maza, na sa hannu. Ko ɗar ban ji ba. Alhali 'ya'yana uku ne.

Ta ukun ita ce ta fari. A gidanmu ba a nuna 'yar fari, ba a kiran sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane. Ranar da na yaye ta Inna, mahaifiyata, ta goya ta ta tafi da ita, kuma a ɗakin Inna ta girma. Ni dai "yarinyar nan" nake ce mata, in na matsu in ce "'yar Inna". Ita kuma ta tashi ta ji ƙannena suna ce mini Yaya, sai ta bi sahu. A unguwarmu a Kano in mace irina ta ce 'ya'yanta biyu, kowa ya san zai ƙara ɗaya a zuciyarsa. Har yabona ake yi a gidan biki, wai ga mai kunya, ga mai kara, ko kallon inda yarinyar take ba ta yi. Ni kuwa ina jin daɗin yabon, kaina yana ƙara girma. Wannan kan ne na ɗauko na kawo Dubai, na zauna da shi a gaban takardar mutanen da ba su san a ƙara ɗaya ba.

Aka ba mu ɗaki ɗaya da falo a hawa na uku. Maigidana ya biyo ni da yaran, ya samu aiki a wani sito na kayan gyaran mota a Ras Al Khor. Mazan suna kwana a falo, ƙanana ne, ba ruwansu. Shekara biyu muna zaune lafiya, ban ƙara tuna takardar ba.

Cikin 2019 Inna ta rasu. Bayan an share makoki aka zauna a kan maganar yarinya, lokacin shekararta goma sha uku. Na ce a ba ni abata. Karo na farko ke nan da na nemi wani abu a kanta da bakina, har wata gwaggona ta kalle ni ta taɓe baki. Muka yi mata bizar ziyara ta wata uku, da niyyar kafin ta ƙare asibiti ya nema mata ta zama, a kuma mayar da mu ɗaki biyu, tunda yanzu mun cika biyar. A ganina lissafi ne da ko ɗan aji ɗaya zai yi.

Kafin nan sai muka ɗaura igiya a falo, muka rataya zani, muka sa mata katifa a bayan kujera. Budurwa ce ta fara tasowa, ga ƙanne maza biyu da ba su san a yi sallama ba. Kayanta a banɗaki take sakewa, banɗakin kuma ɗaya ne, da safe ana layi ana buga mata ƙofa. Akwatinta ko buɗe shi sosai ba ta yi ba, don ba inda za ta jera kaya. Yarinyar da take da gadonta na kanta a ɗakin Inna! Da ma ta yi ƙorafi ne da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Kullum da safe za ta naɗe katifa, ta kwance zanin, ta ninke, ta share wajen kamar baƙuwar da take tsoron a gaji da ita. Wannan ladabin nata shi ya fi ci mini rai.

Na je ofishin gidaje na asibitin. Mai kula da shi wani ne mai gilashi, mai sanyin murya, irin mutanen da za su hana ka abu suna murmushi har ka rasa ta inda za ka fara faɗa. Na ce mun zama biyar. Ya ciro fayil ɗina, ya buɗe, ya ɗora yatsa.

"Madam, a nan biyu kika rubuta."

Na ce kuskure ne, uku ne.

"Ta ukun jaririya ce? Mabruk, barka."

Na ce shekararta goma sha uku.

Ya cire gilashin ya dube ni. "Shekara biyu da suka wuce tana da sha ɗaya ke nan. Mantawa kika yi da ita?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin kunya da Turanci. Wallahi duk kalmar da na ɗauko sai ta fito a karkace. Na ji kaina ina cewa a wajenmu uwa tana jin nauyin 'yarta ta fari, ba ta ambatonta. Ya ce, "Wani laifi ta yi?" Na miƙa masa takardar haihuwarta. Ya duba, ya ce me ya sa aka yi ta shekara shida bayan haihuwar. Na ce sai da za a sa ta makaranta Inna ta je ta karɓo, haka kowa yake yi. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gama yanke hukunci. Ya ce ba wai yana zargina ba ne, amma sun sha ganin masu kawo 'yar ɗan'uwa ko 'yar aiki su ce 'yarsu ce, don a ba su babban gida. Ya ƙara da cewa masu yi wa ma'aikata biza ba sa neman ta zama sai ga wanda yake cikin takardar iyali. Wato ba ɗaki sai tana da biza, ba biza sai tana cikin takarda, takarda kuma ni na cike ta da hannuna. Ya ce in kawo yarinyar ya gan ta.

'Yar aiki! Na fito ina huci, har na wuce kwanar gidanmu ban sani ba.

Da yamma na gaya wa maigidana. Bai tashi cewa komai ba sai, "Ai da kin tambaye ni kafin ki cike."

Na ce, "Kai da ka cike taka a Ras Al Khor, nawa ka rubuta?"

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a shayi. Biyu shi ma ya rubuta. Na ce to kowa ya riƙe bakinsa.

Ranar da za mu je, a ƙafa muka tafi ni da ita, don ofishin ba nisa. Na san abin da ya kamata in gaya mata: in an tambaye ki, ki ce ni ce mamarki. Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba. Sau uku ina ɗauko ta, a bakin shagon mai ɗinki, a wajen tsallaka titi, a cikin lif, sau uku tana maƙalewa. Shekara goma sha uku ban taɓa ce mata ni ce uwarta ba, sai bakina ya ƙi. Abin da na iya cewa kawai, "Gyara mayafinki."

Mai gilashi ya ba ta kujera, ya ba ta alewa, ya tambaye ta da Turanci wace ce wannan, yana nuna ni.

Ta ce, "Yaya ce."

Ya ce mene ne Yaya. Yarinya mai gaskiya, ta fassara masa yadda aka koya mata a makaranta, ta ce babbar 'yar'uwa.

"Ina mamarki?"

"Inna ta rasu."

Sai ta ga fuskata, ta gane ta yi ɓarna. Ta yi sauri ta ce, "Amma ita ce ta haife ni." Ya riga ya fara rubutu. Sannan ya juyo da takardar nan ta fuskance mu, wai don ya nuna mini inda matsalar take. Ita ma tana gani. Ta iya karatu sarai, kuma ta san rubutuna. Layi biyar ne aka ware don sunayen 'ya'ya. Biyu a cike da sunayen ƙannenta, uku fayau.

Nan na fashe. Na miƙe na buga teburin, na ce kwana biyu na yi ina naƙudar yarinyar nan, ni na shayar da ita, in yana so in nuna masa ɗinkin ne sai ya faɗa. Na kira sunanta, cikakke, da ƙarfi, har na waje suka leƙo. Ranar ce farkon da sunan ya fita daga bakina tana ji, kuma a ofishin haya ne, a gaban baƙo, cikin masifa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe wani, in rasa wa zan shaƙe.

Ya ɗaga hannu yana ce mini in bi a hankali da Larabci. "Shwayya shwayya, madam. Khalas, shi ke nan, zan tura wa kwamiti." Ya ce a kawo takardar rantsuwa daga kotu a Najeriya, da ta asibitin da aka haife ta, kowacce da tambarin hukuma. Na ce bizarta saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ya ce, "Inshallah."

A hanyar komawa, da muka zo daidai masu sayar da jakunkuna, sai ta juyo. Ta ce, a hankali, "Yaya, cewa suka yi a rubuta waɗanda suke gidan kawai?"

Ta ba ni ƙofar fita, da na ce e da shi ke nan. Amma takardar ba haka ta ce ba, kuma na san ta karanta. Sai na daka mata tsawa, na ce ba a yi wa manya irin wannan tambayar. Ta ce, "To." Duk abin da mai gilashi ya yi mana bai kai wannan tsawar ba, kuma ba shi ya yi ta ba.

Yayana a Kano ya yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da asibiti da Abuja. Kafin tambari na ƙarshe ya hau, biza ta ƙare. Na raka ta filin jirgi da akwatin nan nata da ba a taɓa zazzage shi ba. Ta koma gidan Kawunta, Yayan nan nawa, na ce mata wata ɗaya ne ko biyu.

Kwamiti ya amince cikin watan Maris na 2020, aka sa ta cikin takardar iyali, aka fara nema mata biza. Aka ba ni makullin gida mai ɗaki biyu a hawa na biyar, a makon da aka rufe tashin jirage saboda korona. Na sa gado, na sa durowa, na rataya labulen da na riga na sayo mata a kasuwar Naif. Mazan suka ce a bar su su kwana ciki kafin ta zo, na ce wanda ya taka ɗakin nan sai na karya masa ƙafa. Wata da watanni ina dawowa daga aiki da shaidar takunkumi a fuska, in buɗe ɗakin in share, in rufe.

Da aka buɗe hanya na kira ta da murnata, na ce ta shirya, ɗakinta yana jiranta, har na juya waya na nuna mata labulen. Ta ce yana da kyau. Sannan ta ce in bar ta wajen Kawu, ta saba, ga makaranta za a koma. Na ce ɗakin fa? Ba da fushi ta faɗa ba, da ladabin nan nata ta faɗa.

"Ku ba su Yaya, su kwana. Ai ku huɗu ne."

Maigidana ya ce in ba ta umarni kawai, yarinya ce. Na kira gwaggona ina kuka, ta ce, "Ke ma kin cika rawar kai. Wa ya taɓa bin 'yar fari yana roƙo?" Na kashe wayar tana cikin magana, kuma ban ba ta haƙuri ba har yau. Ita da ire-irenta ne suka yi ta yabona ina kawar da kai daga yarinyar, babu wadda ta taɓa ce mini yarinyar tana kallo. Umarnin kuwa ban bayar ba. Da wane bakin?

Cikin 2021 aka zo sabunta takardun gida. Mai gilashi ya miƙo mini sabuwa. Na rubuta uku, na danna biro har ya kusa huda takardar, na sa sunanta a layin farko. Ya duba, ya tambaya ko tana nan. Na ce tana Kano. Ya ce ya yarda 'yata ce, wannan an gama, amma ƙa'ida masu kwana a gidan ake ƙirgawa, don haka ƙarshen wata za mu koma ɗaki ɗaya da falo. Ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan sunanta, ya soke ukun ya rubuta biyu, ya turo mini takardar.

"Yalla, maza, madam, sa hannu a nan."

Na sa.